Jirgin Ƙarfe Bakwai

Bakwai da kwata, jirgin bai zo ba.

Merv na tsaye a bayan gidansa da ƙwai biyu a hannu, ya zuba wa ramin da ke gindin shingen kwano ido. Ramin bai wuce mage ta ratsa ba. Ta nan layin dogon ke fitowa daga gidan maƙwabcinsa Clarrie, ƙarfe biyu sirara, tsakaninsu bai kai faɗin tafin hannu ba, ya bi gefen akurkin kaji ya ƙare a gindin tankin ruwa. Wata biyar ke nan jirgin bai taɓa makara ba.

"Clarrie!"

Shiru. Sai kaji.

Ya ajiye ƙwan a kan tanki ya zagaya ta ƙofar titi. A lambu ya same shi, durƙushe a bakin layi cikin rigar barci, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan ɗan jirgin. Raɓa ta jiƙe masa gwiwoyi. Laɓɓansa sun yi duhu.

"Wa ya ba ka izinin shigowa?" in ji Clarrie. "Sanda na hannuna."

"Riƙe abarka. Tun yaushe kake nan?"

"Ina duba ƙafar tarago ne."

"Da goshinka?"

Merv ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga. Shekara talatin ya yi yana askin tumaki, ya san nauyin abu mai rai. Rago mai shekara ɗaya ya fi wannan tsohon nauyi. Ya zaunar da shi a kujerar baranda, ya lulluɓe shi da bargo, ya tsaya yana sauraron numfashinsa har ya daidaita.

Clarrie Dowd ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ba jiragen ƙasa hanya a ƙananan tashoshin arewa da Peterborough. Da aka rufe layukan ya dawo gida ya shimfiɗa nasa a lambun matarsa. Ta yi faɗa, ta gaji, ta koma tana shuka masa ƙananan itatuwa a bakin layi. Yanzu shekara tara da rasuwarta. Akwai tasha uku, da gada, da rumbun alkama da ya yi da gwangwanin madara, da ɗan shagon giya mai baranda wanda har sunan mai shi ya rubuta. Duk tsawon shekarun nan Merv ta saman shinge yake leƙowa ya ce, "Ƙato da kai, kana wasan yara." Clarrie ya ce, "Wanzamin tumaki, je ka nemi abin yi."

Sai likita ya ce zuciya ce, kuma ba ta gyaruwa. Glenys, 'yarsa tilo, ta zo daga Adelaide da takardun gidan kula da tsofaffi. Clarrie ya ce a nan zai mutu. Ta ce to a riƙa leƙo shi kowace safiya. Ya ce ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa don ya ji ko ya fara wari. Kwana biyu suna abu ɗaya. A rana ta uku Clarrie ya ɗauki almakashin kwano ya huda shingen.

Sharaɗin mai sauƙi ne. Ƙarfe bakwai jirgi zai iso gidan Merv. In ya iso, tsoho na nan da ransa. Merv ya sa ƙwai biyu a tarago, ya juya maɓalli, jirgi ya koma da baya. Ranar da bai iso ba, Merv zai kira Glenys, ita kuma ta zo da mota, ba sauran gardama. Merv ya ba ta hannu a kan haka.

Sandar kuwa ɗan guntun tagulla ce, tsawon yatsa, Clarrie ya goge ta da kansa. Tare da jirgin take tafiya, tare suke dawowa.

"Layi ɗaya ne," ya ce ranar farko. "Mai sanda shi ke da layi. Wanda ba ya riƙe da ita ba ya shiga. Haka muka yi shekara arba'in, ba mu kashe kowa ba."

"Jirginka ɗaya ne, tsoho. Da wa zai yi karo? Da kaza?"

"Doka ce. In tana wajena, gidana nawa ne, kada in ga ƙafarka. In tana wajenka, ka shigo."

Minti biyu kawai sandar ke yi a wajen Merv kowace rana. Ya gane abin da ake nufi.

Yanzu ga shi tsaye a baranda, waya a aljihu. Clarrie na kallon aljihun.

"Ba ka kira ta ba tukuna."

"Na yi mata alkawari."

"Ka ce in jirgi bai zo ba. Makara ya yi. Makara daban, sokewa daban. Tambayi duk wanda ya taɓa jiran jirgi a ƙasar nan."

"Gobe fa? Jibi fa? Ka durƙusa ka kasa tashi, ni ina can ina hira da kaji?"

 Clarrie ya dubi lambun, har can ƙarshen gada.

"Na je na ga gidan tsofaffin nan, Merv. Tagar ɗakin wurin ajiye motoci take kallo. Ga wata yarinya tana ce mini ‘saurayi’ tana yanka mini burodi."

Merv ya fito da wayar, ya jujjuya ta, ya mayar. Ya sauka lambu ya kunna jirgin da kansa. Ɗan injin ya yi ƙara, ya ja tarago biyu ya shige ramin. Bakwai da minti arba'in.

"Ba ka da sanda," in ji Clarrie.

"Kai ƙara."

Ranar Merv bai ci abincin rana ba. Ya auna daga tagar ɗakin kwanan Clarrie zuwa ƙasa, ya auna zuwa shinge. Ya kwaso katakan tsohon garken tumaki da ke jibge a bayan rumfarsa. In durƙuso ne matsalar, to layi ya taso ya sami mutum. Kwana huɗu yana kafa turaku, kowanne ya ɗara na bayansa tsawo kaɗan, Clarrie na zaune a baranda yana ba da umarni.

"Ya yi tsaye da yawa. Jirgi ne, ba akuya ba."

"Zo ka yi da kanka."

"Sa ma'aunin ruwa. Ba a nan ba, wawa, a kan ƙarfen."

A waɗannan kwanakin Merv ke shigowa bakwai saura ya kunna jirgin, sannan ya zagaya gidansa da sauri ya tarbe shi. Ya san abin dariya ne. Ya san kuma ƙarya ce, ko da bakinsa bai faɗe ta ba. Da Glenys ta kira ranar Laraba ta ce, "Kawu Merv, jirgi na zuwa?" ya ce, "Yana zuwa."

A rana ta biyar layin ya kai bakin taga. Suka jawo gadon kusa. Clarrie ya miƙa hannu daga kwance ya taɓa maɓalli. Jirgin ya gangara a hankali ta saman furannin matarsa, ya sauka ƙasa, ya wuce shagon giya, ya ɓace a ramin.

"Ba laifi," in ji Clarrie. "A matsayin aikin wanzami."

Ranar Asabar Glenys ta iso ba sanarwa. Ta tsaya a lambu da jaka a kafaɗa, ta bi turakun da ido tun daga shinge har taga. Ba ta shiga wajen ubanta ba. Gidan Merv ta zagayo.

"Yaushe ya faɗi?"

Merv ya cire hularsa. "Litinin ɗin makon jiya."

"Kwana goma sha biyu. Ka ba ni hannu, Kawu Merv."

"Na ba ki."

"Da ya mutu a cikin ciyawar nan fa? Me za ka ce mini? Makara ya yi?"

"Ba ni da abin cewa. Na yi miki ba daidai ba."

Ta zauna a kan bokitin abincin kaji ta rufe fuska. Ita ma ta haura hamsin, furfura ta fara mata. Merv ya tuna ta tana ƙarama, uban ya hana ta taɓa jiragen sai ta wanke hannu.

"Ni ba so nake in ɗaure shi ba," ta ce. "Ba na so ya tafi shi kaɗai, ba kowa a ɗakin. Shi ke nan. Kuma ba zai taɓa kiran kowa ba. Ka san shi. Ranar da Mama ta rasu sai da ya wanke kwanuka kafin ya buga mini waya."

Suna nan sai ga ƙarar inji. Jirgin ya fito daga ramin ya tsaya a gaban takalminta. A cikin tarago akwai lemon tsami guda da 'yar takarda. Ta buɗe. *Na ga motarki. In kin gama cinye shi, akwai shayi.*

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta daɗe tana kallon takardar.

Ba ta tafi da shi ba. Ta shirya da ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa sau uku a mako, ita kuma duk Juma'a. Kafin ta shiga mota ta ce wa Merv, "Wannan karon in ka ɓoye mini, kajinka zan yanka, ɗaya bayan ɗaya."

Sanyi ya wuce. Itacen almon ɗin Merv ya yi fure ya zubar a kan layi, kullum sai ya share. Jirgi na zuwa bakwai daidai. Wani lokaci da lemon tsami, wani lokaci da takarda: *Ƙwan jiya ƙarami ne, ka yi wa kazar magana.* Daga baya takardun suka daina zuwa. Daga baya ma'aikaciyar jinya ta ce masa ƙwai ɗaya ya isa, shi ma ba ya cinyewa. Merv ya ci gaba da sa biyu.

Wata Talata da la'asar yana gyaran tiyo sai ya ji ƙarar. Ya duba agogo. Huɗu da minti goma. Ba a taɓa yin jirgin yamma ba.

Jirgin ya fito daga ramin a hankali ya tsaya a gindin tanki. Ba lemo. Ba takarda. Sandar ce kawai a tarago na farko.

Merv ya tsuguna ya ɗauke ta. Da ɗuminta, kamar an daɗe ana riƙe da ita. Ya kai hannu zai juya maɓalli ya mayar, sai ya tsaya. Ya dubi sandar. Ya miƙe, ya sa ta a aljihun riga, ya fito da waya.

"Glenys. Taso yanzu. A'a, yana nan. Shi ya kira."

Bai ƙwanƙwasa ba. Clarrie na kwance, fuskarsa wajen taga, numfashinsa gajere.

"Ka daɗe," ya ce.

"Minti uku."

"Ina sandar?"

Merv ya nuna masa.

"To zauna. Kada ka yi mini surutu."

Ya zauna. Rana na sauka a kan lambun, inuwar turakun ta miƙe har bakin gada. Can Clarrie ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gadar nan tana son fenti kafin zafi."

"Na ji."

"Ja. Ba irin jan rumfarka ba. Kuma kada ka sa wa injin man keken ɗinki, na san halinka."

"Ka ce kada a yi surutu."

Tsohon ya yi wani sauti, rabinsa tari rabinsa dariya.

Awa uku ne daga Adelaide. Glenys ta iso da sauran haske a sama. Ta shigo da makullin mota a hannu ta durƙusa a bakin gadon.

"Baba."

"Kin wanke hannu?"

"Na wanke."

Ya ba ta hannun. Merv ya tashi zai ba su wuri, Clarrie ya ce, "Kai ke da layi. Zauna." Ya koma ya zauna.

Da safe Clarrie ya cika, bakwai saura kaɗan, taga a buɗe, 'yarsa na riƙe da hannu ɗaya, maƙwabcinsa na gefen ƙafafu.

Bayan an yi jana'iza 'yan ƙungiyar masu ƙananan jirage suka zo daga Port Pirie, mutum huɗu, duk masu furfura, suka zagaya lambun suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya tambayi Glenys ko za ta sayar. Ta ce ba yanzu ba. Ta ce gidan ma ba yanzu ba, tana da jikoki biyu da ba su taɓa ganin jirgin babanta na tafiya ba. 

Lahadi da safe Merv ya fito da gwangwanin jan fenti da buroshi. Jirgin na nan a gindin tanki tun ranar Talatar, furen almon ya bushe a kansa. Ya hure shi. Ta saman shinge ya hango Glenys a tagar ɗakin, da kofin shayi, gashinta ba a taje ba.

"Kawu Merv! Yaya ake kiran abin nan ya dawo?"

"Ba a kiransa. Sanda na wajena."

"To sai yaushe?"

Ya duba agogo. Saura minti biyu. Ya shiga akurki ya ɗauko ƙwai biyu masu ɗumi, ya jera su a tarago, ya ciro sandar daga aljihu ya kwantar a tsakaninsu. Ya jira. Wata kaza ta zo ta tsaya a kan layi, ya kore ta da hula.

Bakwai daidai ya juya maɓalli. Jirgin ya shige ramin da baya. Merv ya tsaya yana jin ƙararsa a ɗaya gefen, ya wuce shagon giya, ya fara hawan turakun a hankali.