Sarkin Tsakiya a Tsaye

Ƙarfe huɗu na yamma, ana ta yayyafi, tsofaffin ƙauyenmu suna wasan gara ƙwallo don kayar da sanduna tara a ɗakin bayan mashaya. Ni ke kula da injin da ke jan sandunan tara da igiya yana sake jera su.

Shekara arba'in Ottmar yana neman kayar da takwas ya bar sandar tsakiya, wadda ake kira sarki, a tsaye. Yau ya dace, amma matarsa Gudrun ta fita ɗauko laima.

Ya dinga kai-komo. "Gudrun! Yi sauri, injin zai kwashe!"

"Ko ka rantse ba za ta yarda ba, tsoho," in ji abokinsa Detlef.

Na lallaɓa na kashe injin. Gudrun ta shigo, ta tarar da sarki tsaye. Ba wanda ya waiwaye ni. Sai da ta gama kallo na kunna.