Gidan Da Bai Motsa Ba

Tun da ciwon ƙafa ya ɗora Mama a keken guragu, ginshiƙin tsakiyar falo ya zame mata ƙarfen ƙafa. Kullum sai taya ta goge shi, har fentinsa ya zube. 'Yarta, wadda kowa a gidan ke kira Injiniya, ta ce a cire shi, a gitta bim na ƙarfe daga bango zuwa bango ya ɗauki ɗakin sama.

Da hantsi ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci. Jadawalin lissafin da ta yi wani aiki da shi bara ta ɗauko, ta sauya masa lambobi. A jadawalin, gidan da ke nuna ƙarfin bim ɗin ya yi kore, alamar lafiya lau, gidan da ke nuna lotsawarsa ma kore. Saura ta kira masu ƙarfe su yanka.

Kawu, ƙanin Mama, tsohon magini ne dogo. Ya sake jan tef ya ce, "Injiniya, mita shida ne cif, ba biyar da rabi ba. Wa ya auna miki, makaho?"

"Ku ne, Kawu, ranar Talata."

"To ranar ban sa tabarau ba."

Ta gyara tsawon. Lambobi suka juya daga sama har ƙasa. Duk kore. Ta ɗauki waya.

Mama na gefenta tana kallo. Ba ta san kan lissafin ba, amma shekara talatin ta yi tana ɗinki, idonta ba ya tsallake zaren da ya kauce.

"'Yar nan, wancan na ƙasa me ya sa shi bai motsa ba?"

"Wanne, Mama?"

"Mai shida ɗin nan. 'Yan'uwansa duk sun yi rawa, shi yana zaune kamar suruki."

Injiniya ta ajiye wayar, ta danna gidan, ashe na lotsawa ne. Babu lissafi a cikinsa, shida ce kawai da ta buga da hannunta bara, ta manta. Ko tsawon titi aka ba shi, shida zai ce. Kunya ta kama ta. Ta mayar da lissafin a hankali, ta duba sau biyu. Gidan ya koma ja: milimita talatin ƙarfen zai lotsa, alhali iyakar sha bakwai ce.

Kawu ya leƙo. "Karyewa zai yi?"

"Ba zai karye ba. Ciki zai yi. Rufi ya tsage, ƙofar ɗakin sama ta ƙi rufuwa, Mama tana zaune a ƙarƙashinsa tana kallo."

"Ashe ƙarfe ma yana tumbi," in ji shi, yana shafa nasa.

Ta yi ta gwada ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har ta sami wanda ya ba da sha huɗu. Sai dai ya fi na farko zurfi da kusan taki guda. Kawu ya ɗaga tef zuwa rufi, ya sauke shi daidai goshinsa.

"Yaya, kin ga abin da kika jawo min? Nan gaba sai na sunkuya in shigo."

"Dama ka daɗe ba ka rusuna min ba," in ji Mama.

Bayan mako uku aka fitar da ginshiƙin. Mama ta tura kekenta daga ƙofa har taga, ta juyo, ta sake komawa ba don tana neman komai ba.