Ƙwan Yaya Babba

Yaran makarantar ne suka raɗa mata Maman Kicin, har malamai ma suka ɗauka. Shekara tara ke nan tana dafa wa yara arba'in da wani abu abincin rana, kuma duk Talata da Alhamis kowane yaro yana samun dafaffen ƙwai guda. Ita ke zaɓo ƙwan da hannunta. Shugabar makarantar ta sakar mata wannan aikin tun tuni, ba ta kuma sa mata baki.

Da yayan mijinta ya yi ritaya daga gidan waya, sai ya sayi kaji ɗari uku ya zuba a bayan gidansa. Kowa a dangi Yaya Babba yake ce masa. Shi kuwa Amarya yake ce mata, ko da yake 'yarta ta fari ta kusa gama sakandare. Mijinta, wanda direban babbar mota ne, shi ya kawo maganar wata rana yana kwance igiyar takalmi.

"Tunda dai ƙwai kike saya, me zai hana ki riƙa karɓa a wurin Yaya?"

"In mai kyau ne zan karɓa."

"Kajin Yaya ne fa."

"Ai ba kajin zan dafa ba."

Wata uku ana tafiya lafiya. Duk Litinin Yaya Babba zai faka motarsa a ƙofar kicin, ya buɗe but ɗin motar, ya sauke kiret uku na ƙwai. Ƙwan sabo ne, da nauyinsa, wani ma da ɗan gashin kaza manne a jiki.

Da zafi ya shigo, wata Litinin ya kawo ƙwai fes, yana ƙyalli kamar an goge shi da mai. Tsabtar ce ta sa ta dakata. Ta ɗauki ɗaya, ta ji ba nauyi. Ta kai shi kusa da kunne ta girgiza, ta ji abu yana motsi a ciki. Sai ta tari ruwa a roba ta jefa goma. Uku suka kwanta a ƙasa, huɗu suka miƙe tsaye, uku suka taso sama suna yawo.

Yaya Babba yana jingine da mota yana kallonta.

"Amarya, wanka kike yi wa ƙwan nawa?"

"Na ga kamar an riga an yi musu, Yaya."

Ta fasa ɗaya daga cikin masu yawon a faranti. Gwaiduwar ta baje nan take, farin ya malale kamar ruwa. Bai kai ga wari ba, amma ya kama hanya.

"Ya kwana biyu, Yaya. Ba zan iya ba yara ba."

"Dubi girmansu! Jajaye ne, ba irin fararen nan na kanti ba."

"Launin ɓawo daga irin kazar ne, abin da ke ciki ɗaya ne. Yaran nan wasu ba su cika shekara uku ba. Abin da cikin babba zai ɗauka, nasu ba zai ɗauka ba."

"To ki zaɓi masu kyan."

"In na zaɓa ma, wankakku ne. Ban san abin da ruwan ya shigar musu ba."

Ya taso daga jikin motar. Ya mayar da kiret ɗin cikin but ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da mota.

Ta cire rigar aiki ta tafi shagon da take saye a da, wurin wata dattijuwa a layin masu kayan miya. Shagon ba ya kallon rana, cikinsa da sanyi. Ta tambayi ranar da aka kawo kayan, dattijuwar ta nuna mata na shekaranjiya. Ta bar manyan ta ɗauki matsakaita, don sun fi sauƙin kuɗi kuma guda ya ishi yaro. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana juyawa a hasken ƙofa, ta fitar da biyu masu siririyar tsaga da ɗaya da ya manne a kwali.

"Kin ɓata," in ji dattijuwar tana canza mata su.

"Na ɗan yi yawo ne."

Kafin ta isa gida da yamma wayar Yaya Babba ta riga ta. Mijinta yana zaune a falo, bai ko kunna fanka ba.

"Kin kunyata Yaya a gaban mutane."

"Daga ni sai shi sai tukunya."

"Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Kin sani."

"Na sani. Ka ce in je in gaishe shi, zan je. Amma kada ka ce in dafa."

Ranar Asabar ta je. Yaya Babba ya fita sayen abincin kaji, sai matarsa ta samu tana shanya. Bayan sun gaisa, matar ta kama hannunta ta ja ta bayan gida, ta buɗe mata ɗakin ajiya. Rufin kwano ne, ba taga, janareta yana jingine da bangonsa. Zafin da ya bugo su ya sa Maman Kicin ja da baya. Kiret-kiret ne jere har kusan kafaɗarta.

"Kajin sun fi ƙarfin masu saye," in ji matar. "Kullum sabon a sama ake ɗorawa. Da ya ga na ƙasan sun daɗe, sai ya ce a fara fitar da su. Ni ce na wanke su a famfo, don na ga sun yi datti."

"Ki daina, Yaya. Akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana cire shi. Mai datti ki goge da busasshen tsumma, ki ci shi da wuri."

Suna nan tsaye Yaya Babba ya shigo da buhu a kafaɗa. Ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Bincike aka zo yi?"

"Gaisuwa na zo, ido ne ya gani."

Ya ajiye buhun. Ta faɗa masa abin da ta sani ba tare da ta ƙara gishiri ba: a kwashe ƙwai kullum, a ajiye inda ke da sanyi, tsinin a ƙasa, a rubuta rana a jikin kowane kiret, na farkon shiga shi ne na farkon fita. Yana sauraro yana kaɗe dusa daga rigarsa.

"Na ƙasan nan fa?"

"Wanda ya taso a ruwa a zubar."

"Kiret nawa ke nan?"

"Ban sani ba, Yaya. Da yawa."

Bai ce ta yi daidai ba, ita ma ba ta ba shi haƙuri ba. Ya raka ta har bakin titi yana ba ta labarin ciwon gwiwarsa.

Bai sake kawo ƙwai makarantar ba. Bayan wata guda ya sayar da rabin kajin, ya samu wani gidan biredi da ke kwashe masa na kowace rana da safe. Ɗakin ajiyar ya koma na buhuna, ƙwan kuma ya koma ɗakin baƙi, abin da matarsa take ƙorafi a kai duk lokacin da suka yi waya da Maman Kicin.