Tsirkiya Ɗaya, Murya Uku

Da na san abin da ke tafe, da ban yi dariya ba ranar da Auta ta ce jitarta ta fara gardama da kanta.

Auta ce 'yata ta ƙarshe. Tana koyar da kiɗa a wata makarantar yara, kuma kunnenta ne jarinta. Ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi mai zafi ba ta shigo shagona da jitar.

"Baba, saurara." Ta taɓa tsirkiya ɗaya. "Nawa ka ji?"

"Ɗaya mana."

"Ni uku nake ji. Babba a ƙasa, biyu a sama suna tsiwa."

"To, sun gado ki," na ce, ina dariya.

Ni kafinta ne, saboda haka katakon na zarga. Na ƙwanƙwasa bayan jitar, na gano wata 'yar tsaga, na cika ta da gam, na ɗaure. Sati biyu ina ce mata ta bari ya bushe. Da na kwance, ta taɓa tsirkiyar, sai ta ajiye jitar a hankali ta fita.

Likitan kunne ya ce Auta ba ta yi ƙarya ba. Kowace tsirkiya sauti da yawa take fitarwa a tare, kunne da ƙwaƙwalwa ne suke haɗe su mu ji abu ɗaya. Zazzaɓin ya taɓa kunnenta na hagu. Na tuna katakon filawud, falle-falle ne amma ido na ganin allo guda, sai ruwa ya shige shi ya ɓare.

"Me ya sa ba ku zo da wuri ba?" ya tambaya.

Auta ta riga ni. "Muna jiran gam ya bushe, likita." Ita kaɗai ta yi murmushi.

A hanya na yi ta ba ta haƙuri har ta tsaya.

"Baba, don Allah yi shiru kaɗan. Kai ma kun zama ku biyu."

Yanzu da tafin hannu a kan kunnen hagu take saurarona. Jitar tana rataye a shagona, kullum ina goge mata ƙurar katako. Makarantar ta ce za ta jira dawowarta aiki zuwa ƙarshen zango. Likita ya ba da magani, amma bai san ko sautin zai sake haɗuwa ba, bai kuma ce ko sati biyun nan ne suka jawo ba.