Ranar da Raƙumin Dawa Ya Fita Daga Ɗaki

"Ku sunkuyar da wuyan! Kai Direba, wuya na ce, ba ƙafa ba!"

Baba Mai Waya ne yake ba da umarni daga kan kujerar roba, da bargo a cinyarsa, yana dariya har tari na sarƙe shi. Raƙumin dawan da ya kwashe watanni yana murɗawa da wayar jan ƙarfe ya maƙale a ƙofar ɗakinsa, kai da wuya a tsakar gida, sauran jikin a ciki. Mai Ɗinki, maƙwabciyarsa da bango ɗaya ya raba ɗakunansu, ta rungume kan da hannu biyu, mijinta Direba kuwa yana turowa daga ciki, gumi na zuba.

"Baba, don Allah da kake gina shi ba ka kalli ƙofar ba?" in ji Mai Ɗinki.

"'Yata, wanda ya tsaya kallon ƙofa ai ɓera zai ƙera."

Gidan hayar ya ɗauki shewa. Aka ruga aka kira kafintan bakin layi, ya zo ya kwance ƙyauren, ya ɓamɓare katakon gefe, sannan dabbar ta fito. Da aka miƙar da ita, kanta ya wuce igiyar shanya, ya kusa taɓa bakin rufin kwano. Rana ta bugi jan ƙarfen, duk tsakar gidan ya ɗauki haske. Mai Ɗinki ta ja da baya ta riƙe baki. Kullum tana ganin raƙumin dawan a kwance a ɗaki, gaɓa-gaɓa, ba ta taɓa zaton haka yake ba. Har gashin ido tsohon ya yi masa.

Shekara da shekaru, ƙananan abubuwa aka san Baba da su. Yana da tebur a bakin titi inda yake jera 'yan kunne, zobba, awarwaro, da 'yan kekuna da tsuntsayen waya masu shiga tafin hannu. Saboda sunansa, baƙi kan kawo masa wayar salula ya gyara, sai ya ce tasa wayar ba ta magana, amma matso ka sayi zobe. Da ciwon zuciya ya kama shi, likita ya hana shi zaman bakin titi. Ya dawo gida ya ce tun da an kulle shi a ɗaki, zai yi abin da ya fi ɗakin girma. Tun daga nan Mai Ɗinki take jin ƙas-ƙas ɗin filayarsa ta bango yana amsa wa keken ɗinkinta. Da ƙarfin hannunsa ya fara raguwa, ita take barin ɗinki ta je ta ja masa waya mai kauri, shi yana nuna mata inda za ta lanƙwasa.

Yau ake buɗe baje kolin masu sana'ar hannu, kuma Baba ba zai iya zuwa ba. Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, ta ce ko da wasa ba zai hau mota ba. Saboda haka Mai Ɗinki ce za ta tsaya masa.

Ya kama hannunta ya ce, "Kayan adon ki sayar wa kowa. Amma shi wannan, kada ki ba wanda zai kulle shi a falo. Ya sha zaman ɗaki."

Aka ɗaure raƙumin dawa a tsaye a bayan a-kori-kurar Direba, Mai Ɗinki ta hau ta riƙe masa ƙafa. Tafiyar kanta kallo ce. Masu shaguna suka fito, mai aski ya bar kan mutum rabi da rabi ya leƙo, 'yan makaranta suka bi motar da gudu suna ihu. Duk inda wayar lantarki ta gilma ƙasa-ƙasa, sai ta buga rufin motar ta ce, "A hankali, maigida! Kansa!"

A filin baje kolin kuwa, kafin ta gama shimfiɗa kayan adon a tebur, mutane sun yi musu zobe. Masu saƙa da masu sassaƙa suka bar rumfunansu suka zo suna zagaya shi, suna neman inda aka yi walda, ba su samu ba. Murɗi ne zalla. 'Yan mata suka yi ta gwada 'yan kunne, kafin rana ta take tebur ya fara fili. Wani mai babbar mota ya ce a loda masa raƙumin dawan, zai dace da kusurwar falonsa. Kuɗin da ya taya masu tsoka ne, kuma Mai Ɗinki ta san halin da ake ciki na kuɗin maganin Baba. Can sai ga wata mata mai kula da filin wasan yara, ta ce tayinta bai kai nasa ba, amma a bakin ƙofar filin za ta kafa shi.

Mai Ɗinki ta kira wayar Auta ta bidiyo. Fuskar Baba ta cika allon.

"Baba, duba! Duba mutane!" Ta juya wayar ta zagaya da ita.

Ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, "Ƙafar baya ta hagu, tana rawa?"

"Tsaye take kamar soja!"

Ta gaya masa tayin biyu. Bai ko numfasa ba ya ce, "Ba wa mai yaran. Ki ce mata in sun hau shi kada ta hana, zai ɗauke su."

Da yamma suka dawo gida da ragowar zobba kaɗan a faranti. Mai Ɗinki ba ta ko cire takalmi ba ta fara ba da labari, tana kwaikwayon tafiyar mai babbar mota da yadda ya kumbura fuska. Baba ya sa ta maimaita labarin mai aski har sau nawa, yana dariya yana share hawaye. Ranar ya ci abinci kamar ba shi ba, har ya nemi ƙari, Auta na kallonsa da mamaki.

"Gaba giwa zan yi," ya ce.

"To sai dai a cire rufin," in ji Direba.

"A cire mana. Na wa ne?"

Washegari da hantsi ya ce a fitar da shi tsakar gida ya sha rana. Mai Ɗinki tana yankan yadi a bakin ƙofarta, yana yi mata lissafin irin wayar da giwa za ta ci, mai kauri a ƙafafu, siririya a kunne. Ya ce Auta ta kawo masa ruwa. Mai Ɗinki ta sunkuya ta ci gaba da yanka, tana jiran ya ƙarasa zancen haure. Ta ji shirun ya yi tsawo. Da ta ɗago, kansa ya jingina da bango, idonsa a lumshe, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai shirin faɗin wani abin dariya.

"Baba?"

Auta ta fito da kofin ruwa, ta tsaya cik. Mai Ɗinki ta ajiye almakashi, ta je ta taɓa hannunsa, sannan ta karɓi kofin daga hannun Auta kafin ya faɗi, ta rungume ta.

Bayan an kai shi an dawo, masu ta'aziyya suka yi ta shigowa, har da masu saƙa da masu sassaƙan da suka san aikinsa jiya kawai. Kwanaki kaɗan bayan haka, da gida ya yi sauƙin mutane, Mai Ɗinki ta shiga taya Auta share ɗakin. Tsintsiya ta yi ta fito da guntayen waya daga ƙarƙashin gado da tsagar siminti, 'yan mitsi-mitsi, wasu a miƙe, wasu a nannaɗe. Suka taru a bakin ƙofa, rana na haska su. Auta ta tsuguna ta fara tsince su daga cikin ƙura tana zubawa a gefen zaninta. Mai Ɗinki ta jingine tsintsiyar, ta tsuguna kusa da ita.