Kwanon Dikko Mai Jan Fenti

"A sake ɗaukarsa," in ji likita, "amma wannan karon a kwance."

Mainasara ya miƙa wuya ta bayan kafaɗar likitan har hularsa ta kusa faɗuwa. Shi dai rakiya ya yi wa maƙwabcinsa Dikko, tun daga garin Tudun Wada har wani asibiti a Zariya, amma Mainasara ba ya rakiya da ido a rufe. Gyaran rediyo ne sana'arsa, kuma duk abin da ke da murfi sai ya buɗe ya ga hanjinsa. Yau ga hoton ƙirjin mutum an manna a jikin akwati mai fitila, haƙarƙari a jere reras. Ina zai iya yin shiru?

"Ranka ya daɗe, da tsaye da kwance ai duk mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya ne, Baba," in ji likitan, wani matashi mai tabarau. "Abin da ke cikinsa nake so in ga ko zai motsa."

Dikko ɗan siririn Bafillace ne da kakanninsa suka jingine sanda suka kama fartanya. Saboda rashin jikinsa, duk rumbun da ke unguwar shi ake zurawa ciki ya kwaso dawa, ya share gindin kafin a zuba sabuwa, ya fito fururu yana atishawa. Shekarun baya ya yi tarin fuka, ya sha magani ya warke. Da daminar bana tarin ya dawo, har da jini, kowa ya ce tsohon ciwo ne ya tashi. Aka koma allura da ƙwayoyi, shiru kamar an shuka dusa. Sai aka ɗiga wa kwanonsa jan fenti aka ware shi.

Wannan warewar ce ta fi ci masa rai. A unguwarsu bayan magariba kowane magidanci yakan fito da tuwonsa ƙofar gidan dattijo Balarabe a yi ciyayya, a cinye wannan kwano a jawo wancan. Dikko ya tsufa a kan tabarmar nan, yanzu kuwa a zaure yake ci shi kaɗai yana jiyo dariyarsu. A mota, da suka wuce Kwanar Dangora, ya ce wa Mainasara, "Kaɗo, ni mutuwa ba ta dame ni ba. Tuwo ne ba ya wucewa idan mutum shi kaɗai ne."

Da aka kawo hoto na biyu, likita ya jera su gefe da gefe, ya nuna saman huhun dama da bakin alƙalami.

"Ka ga wannan zagayen? Kogo ne da tsohon tarin ya bari. Ka ga farin dunƙulen da ke zaune a ciki? Wannan baƙin da ke kansa kamar jinjirin wata kuma iska ce. To, dubi na kwance."

Mainasara ya duba, ya sake dubawa. Dunƙulen ya gusa, jinjirin watan ma ya sauya wuri.

"Ikon Allah! Ya mirgina! Kamar busasshiyar gyaɗa a ɓawonta!"

"Ka gane. Da ƙari ne da yana manne da nama, ba zai motsa ba. Mun kuma gwada kakinsa ba sau ɗaya ba, babu ƙwayar tarin fuka. Fumfuna ce."

"Fumfuna? Irin ta ɗumamen da aka manta?"

"'Yar'uwarta. Tana cikin ƙurar hatsin da ya sha danshi." Ya juya ga Dikko. "Kai kuma Baba, wane aiki kake yi?"

"Shiga rumbu," in ji Dikko.

Likita ya gyaɗa kai. Ya ce kowa na shaƙarta ba ta yi masa komai, amma idan ta sami kogo sai ta zauna ta dunƙule, ta riƙa gogar jijiyoyi suna zubar da jini. A wasu ma kogon hanci take kamawa, har ta kai ƙwaƙwalwa, sai dai ganin wannan yana buƙatar wata na'ura da ba su da ita. Mainasara ya buɗe baki zai tambayi yadda na'urar take, sai ya ga fuskar likitan ta sauya. Maganin wannan fumfuna fiɗa ce, in ji shi, huhun Dikko kuwa ba zai ɗauki wuƙa ba.

Dikko ya ji, ya gane, bai ko girgiza ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗana, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka daga mutum, Baba."

"Ko a kwano ɗaya?"

"Ko a cokali ɗaya."

Washegari da la'asar Mainasara ya tara maza a ƙofar gidan Balarabe, ya ɗaga hotunan biyu ga rana, ya ciro busasshiyar gyaɗa daga aljihu yana kaɗa ta a kunnen kowa. Sai ka rantse shi ya ƙera akwatin mai fitila. Mutane suka yi ta leƙe suna salati, wani na tambaya ko wannan farin shi ne zuciya.

Balarabe ya taɓe baki. "Mutum da ransa ya yi fumfuna? Ni dai jini na gani da idona, Mainasara. Rigakafi ya fi magani."

Bayan magariba sai ga Dikko da kwanonsa mai jan fenti. Ya yi sallama, ya zauna can bakin tabarma. Aka amsa masa, aka yi masa sannu da hanya, amma ba wanda ya matsa. Mainasara kansa bai matsa ba. Kaɗa gyaɗa a kunnen mutane abu ne mai sauƙi. Yanzu da kwanon ke gabansa, 'ya'yansa ne suka faɗo masa a rai, tsoro ya kama shi sosai. Amma gani ya kori ji, shi kuwa ya ga abin ya mirgina. Ya wanke hannu, ya ja jiki, ya gutsuro loma ya dangwali miyar kuka.

Dikko ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce, "Kaɗo, an ce ka taya ni ne, ba a ce ka cinye ba."

Haka suka riƙa ci su biyu har kaka ta shigo. Sauran suna matsowa a hankali, hira ta dawo, ana ta tsokanar Dikko wai rumbu ya biyo shi har ƙirji, amma hannu dai na Mainasara ne kaɗai ke shiga kwanon. Dikko ya ɗan murmure, har ya koma yi wa masu ɗaurin dami gyara daga zaune.

Wata ranar da hantsi, ana shigo da sabuwar dawa, jinin ya ɓalle masa a tsakar gida. Kafin a samo mota ya cika, kansa a cinyar Mainasara. Mainasara ya yi kuka wiwi, bai ji kunyar kowa ba.

Ran sadakar uku da magariba, Inna Hajara, matar Dikko, ta aiko da tuwo ƙofar gidan Balarabe kamar yadda aka saba, kuma a cikin kwanon nan ta zuba. Aka ajiye shi a tsakiyar tabarma. Balarabe ya daɗe yana kallon ɗigon jan fentin, ya shafa shi da babban yatsa. Sannan ya naɗe hannun riga, ya jawo kwanon gabansa, ya buɗe faifan, tururi ya tashi.

"Bisimilla," in ji shi. "Ku matso kafin ya huce."