Bargo Uku a Jikin Somphet

Da tsakar rana aka kawo Somphet ƙaramin asibitin garin, nannaɗe cikin bargo uku. Kwana biyu ya yi yana shan wasu jajayen ƙwayoyin maye a bikin tseren kwale-kwale, yanzu sai karkarwa yake, haƙora na haɗuwa.

Kesone, nas ɗin da ke aiki, ta taɓa goshinsa ta ji kamar tukunyar shinkafa. Ta kama bargon za ta yaye, uwarsa ta riƙe gam.

"Ke yarinya, sanyi yake ji! Kurwarsa ce ta fita, iska za ki ƙara masa?"

"Inna, ba sanyi ba ne. Ƙwayar ce ke dafa shi daga ciki."

"Ji min likitar jiya-jiya!"

Kesone ba mai musu da manya ba ce. Amma bara waccan yayanta ya yi irin wannan karkarwar, ita da hannunta ta lulluɓe shi, har ta ƙara masa da nata bargon. Bai tashi ba.

Sai ta fizge bargunan ta yar ƙasa. Ta yi masa allurar kwantar da jiki, ta cusa ƙanƙara a hammatarsa, ta ɗaura masa ruwa. Farin zaren kiran kurwa da uwar ta ɗaura masa a hannu kawai ta bari.

Da yamma ya buɗe ido ya ce, "Inna, sanyi."

Uwar ta kai hannu wajen bargon, ta dubi Kesone, ta fasa.

Kesone ta kwashe bargunan daga ƙasa. Har lokacin da sauran ɗumi a jikinsu.